Tabo na Bakwai a Rigar Baba

A shekarun da mutanen Yaoundé suke kira kiriz, lokacin da aka yanke albashi aka sake yankewa, aka kuma rufe ƙofar ɗaukar aiki, a lokacin ne ni kuma na ga dama na koma makaranta karatun gaba da digiri. Karatun me? Na adana kayan tarihi. Duk layinmu a unguwar Briqueterie babu wanda bai yi mini dariya ba. Maɗinkin da yake bakin ƙofarmu, abokin marigayi babana, duk safiya in zan wuce sai ya ɗaga kai daga keke ya ce, “’Yata, mutane suna sayar da kayan ɗakinsu don su ci abinci, ke kuma kina koyon ajiye tsummokara?” Ni dai in gaishe shi in wuce, don in na tsaya bakina ba shi da linzami.

Mu takwas ne a ajin, kuma tun ranar farko aka gaya mana gaskiya. Gidan tarihin da muke koyon aiki a ciki mutum ɗaya tak zai riƙe bayan an gama, wanda ya fi kowa a jarrabawar ƙarshe. Sauran kowa ya kama gabansa da takardarsa a hannu. Wannan gurbi ɗaya shi na sa a gaba shekara biyu. Ni ce babba a gidanmu, ƙannena suna makaranta, Inna kuma da ƙosai da kunu take riƙe da mu tun rasuwar Baba.

Na gaji a shekarun nan, gajiyar da har yau in na tuna sai in ji ta a gwiwata. A ƙasa nake tafiya, in hau tudu in gangara, in isa in tarar malami bai zo ba don ya tafi neman abin da zai kai gida. Rufin ɗakin ajiya yana yoyo, saboda haka rabin karatunmu na damina jan bokiti ne daga ƙarƙashin wannan rami zuwa wancan. Kyamarar makarantar ta lalace tun kafin mu zo, ba a gyara ba har muka fita. Komai da fensir muke zanawa.

Mai kula da aikina wata gajeriyar mace ce mai kakkausar murya, muna ce mata Madam. Ita kaɗai ce ba ta fashi. Tana da magana ɗaya da take maimaita mana har muka haddace ta kamar karatun allo: kada ku wanke, kada ku goge, kada ku gyara. Ta ce dauɗar da ke jikin abu ita ce shaidarsa, wanda ya wanke ta ya kori mai shaida daga kotu.

Da aka ce kowa ya zaɓi abu ɗaya ya yi rubutun ƙarshe a kansa, sai na tuna da rigar Baba. Babbar riga ce fara mai aska takwas, shi ya yi aikinta da hannunsa tun yana saurayi, ya yi ta sa ta har ta koma ruwan madara. Da aka zo rabon gado Inna ta ce a sa mata ita a cikin kasonta, kawunnaina suka yi ta mamakin me mace za ta yi da tsohuwar riga. Shekara tara tana ƙasan akwatinta, a naɗe cikin wani tsohon zane, kuma yadda ya tuɓe ta haka take, ruwa bai taɓa ta ba.

Ni tabon da ke jikinta nake so. Na ce zan karanta rayuwar maɗinkin Briqueterie daga abin da ya bari a rigarsa. Madam ta ji wannan, ta cire tabarau ta dube ni, ta ce in na yi shi da kyau babu wanda zai sha gabana.

To, a nan na yi wautar da har gobe nake cizon yatsa. Ban gaya wa Inna abin da nake nema ba. Yaya zan dubi idon uwata in ce zan je in nuna wa baƙi gumin mijinta da jirwayen goronsa? Kunya ta hana ni. Na ce mata ɗinkin nake aunawa, ta ce to.

Duk ranar da zan yi aiki ita take fito da rigar da kanta, ta shimfiɗa a kan tabarma, ta zauna gefe tana tsintar wake. Inna mace ce marar yawan magana, ba ta kama sunana don ni ce ta fari, ba ta taɓa kama sunan Baba ba, ko bayan ransa sai dai ta ce “maigidan”. Kwalliyarta ɗaya a duniya, kwalli, ko ba ta da lafiya sai ta rambaɗa shi. Ranar da ta fara ganin na sa farar safar hannu ta ce, “Ikon Allah! Rigar ubanki ce ta zama ƙazanta da sai da safa?” Na ce haka dokar aikin take. Ta taɓe baki ta ci gaba da wakenta.

Wata shida ina kan rigar nan. Na ba kowane tabo lamba. Na ɗaya gumin wuya, na biyu jan goro a ƙirji, na uku tawada a bakin aljihu, haka har shida, kowanne na san asalinsa. Na bakwai ne ya gagare ni. Wani baƙi-baƙi ne a kafaɗar hagu, faɗinsa bai kai tafin hannu ba, kamar an yi ta shafa shi a kai a kai. Na rubuta cewa wataƙila man keke ne, Madam ta ja layi a ƙarƙashin “wataƙila” ta ce ranar jarrabawa za ta duba da idonta.

Ana gobe jarrabawa na gaya wa Inna cewa da rigar zan tafi, malamai uku za su duba ta a gaban jama’a. Ta ce, “A gaban jama’a?” Na ce e. Na fita zuwa unguwar Messa wurin mai buga takardu in karɓo kwafina, na yi ta zaman jira don an ɗauke wuta.

Da la’asar na dawo. Ina shiga tsakar gida na ga rigar a kan igiya, an baje hannayenta biyu, fara fat, ruwan bula yana ɗiga daga gindinta. Famfonmu kwana huɗu ke nan babu ruwa. Ashe Inna da kanta ta gangara rijiyar kwari ta yi sawu uku. Ta jiƙa, ta cuɗa, ta sa sitaci, har inda aljihu ya ɓarke ta ɗinke. Ga dutsen guga nan ta zuba gawayi tana jira ta sha iska.

Innalillahi! Takardun suka zube daga hannuna. Ban san lokacin da na ɗaga murya ba, ni da ban taɓa yi mata haka ba.

“Inna, me kika yi? Wa ya sa ki? Kin kashe ni! Wata shida, Inna, wata shida kin zubar a kwata!”

Ta miƙe tana goge hannu da bakin zane. Ta ce, “Ke, ki kai rigar maigidan gaban manyan mutane da dauɗa? A ce ’yar gidan wa?”

Na ce, “Dauɗar nake so! Ita ce karatun!”

Ta dube ni, ta dubi rigar. Ta ce, “Ai ba ki faɗa ba.” Daga nan ta shiga ɗaki. Maƙwabta sun leƙo ta kan katanga, na ji wata tana cewa boko ya taɓa mini kai. Ni na goge rigar da kaina, ina guga ina kuka, don babu abin da ya rage a yi mata sai gugar.

Washegari na shimfiɗa ta a kan tebur a gaban malamai uku. Madam ta sa safarta, ta buɗe takardar da na zana tabon a kai, ta kai hannu wuyan rigar, ta koma ƙirji, ta koma kafaɗar hagu. Ta sunkuya ta sansana. Ta ce, “Ina tabon?” Na ce an wanke. Ta ce, “Wa ya wanke?” Na sunkuyar da kai. Duk fushin da nake yi, ba zan kai sunan uwata gaban baƙi ba. Madam ta cire safar a hankali ta ce rubutuna ya fi na kowa, amma babu abin da za a gwada shi da shi, kuma mai ajiya da abu ya lalace a hannunsa ana gobe jarrabawa ba shi da wanda zai ɗora wa laifi. Gaskiya ta faɗa, shi ya sa ta yi mini zafi. Aka ba ni takardata, aka ba wani gurbin.

Na dawo a ƙasa kamar kullum, rigar a ƙarƙashin hammata. Maɗinkin bakin ƙofa ya buɗe baki zai yi tsokanarsa, ya ga fuskata ya mai da kai kan keke. Kwana uku tsakanina da Inna sai gaisuwa. Ina cewa a raina, garin neman gira an rasa ido, ban kuma tsaya na tambayi kaina idon wa aka rasa ba.

Rana ta huɗu, Juma’a ce, yara sun tafi masallaci, na ninke rigar na kai mata ɗaki. Ta karɓa, ta kai ta fuskarta kamar wadda hannunta ya saba, ta ja numfashi. Sai ta sauke ta a cinya.

Ta ce, “Riƙe ta kawai. Ƙamshin sabulu take yi yanzu.”

Na tsaya. Ta ce, ba ta dube ni ba, “Duk Juma’a in kun fita nakan fito da ita. Yana nan a jikinta, turarensa da guminsa, bai tafi ba. Da na tsoma ta a ruwan nan sai da na zauna a ƙasa. Amma na ce gara ni in rasa da a yi miki dariya.”

Wallahi ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Shekara biyu ana koya mini ajiya, ashe mai ajiyar tana gefena tana tsintar wake. Sai na ɗauko takardar zanena na shimfiɗa a gabanta, na fara karanta mata da Hausa abin da na rubuta da Faransanci, abin da ya kamata in yi tun farko. Na ce wannan gumi ne, ta ce haka ne. Na ce wannan goro ne, ta ce na ranar sunan autanmu ne, dariya ta kama shi da goro a baki. Tawadar kuma ta ce alƙalamin aro ne ya fashe masa ranar da ya kai ni makaranta.

Na kai yatsa kan na bakwai. Na ce, “Wannan ne ban gane ba. Na rubuta man keke.”

Inna ta daɗe tana kallon takardar. Sannan ta ja mayafi ta goge ido, bakin mayafin ya yi baƙi.

Ta ce, “Ba man keke ba ne. Kwallina ne.”