Ludayin Man Gyaɗa a Tankin Gazuwal

Shekarar da damina ta ƙi zuwa karo na biyu, mahaifina ya sayar da ragowar shanunsa a kasuwar Tasawa ya sayi tsohuwar mota mai shan gazuwal, wato man dizal. Bai taɓa rayuwa da ƙarfe ba, don haka ya riƙe ta yadda ya saba riƙon dabba. Da safe sai ya shafa mata gefe kafin ya tayar da ita. Kowace Juma'a kuma yakan zuba mata ludayi biyu na man gyaɗa a tanki, wai don cikinta ya yi laushi. Ni ce mai ɗauko man daga ɗakin Inna, a lokacin da mu kanmu miyarmu ba ta ganinsa.

Ina aji uku na kwaleji. Ba ni da surutu, kuma duk takardar da na tsinta sai na karance ta. A aljihun motar na samu littafinta na Faransanci, ɓeraye sun ci gefensa. Da rana tsaka nakan shige ƙarƙashin motar, inda inuwa ta fi sanyi, ina kallon zanen cikin injin. Sai in ga kamar gari ne mai ɗakuna huɗu, a rufin kowane ɗaki akwai ɗan bututu mai yayyafi, ana ta ruwa a ciki ba dare ba rana, alhali a waje sama ta bushe fari fat. Wani lokaci barci kan ɗauke ni ina jin ƙamshin ƙasar wannan garin.

Sojoji ne ke raba hatsin agaji, suna ɗaukar motocin mutane haya. Tamu ce ke kai jar dawa ƙauyen Attantane. Amma ta fara tari, tana baƙin hayaƙi, kuma sau biyu tana kasa hawan wani tudun rairayi a hanya, sai da aka sauke buhuna. Sajan mai kula da rabon ya ce in ta ƙara, zai cire ta daga layi. Ba mu da wata hanyar abinci bayan wannan.

Bakanike ya zo gida ya kwance bututan nan huɗu, su ne ake kira anjakter. Ya ɗaga ɗaya a rana. Bakin bututun ya yi ɓawon baƙi mai tauri, kamar gindin tukunyar da ta shekara a murhu.

"Alhaji, mi take sha haka? Wannan ai ƙanzo ne."

"Abin da motocin kowa ke sha," in ji Baba.

Ba ƙarya yake nufi ba. A wurinsa man gyaɗa ba sha ba ne, kulawa ce. Ni kuwa na san shafin da ya ce kada a haɗa gazuwal da kome, na kuma san man miya ba ya ƙonewa duka, ragowarsa ce ke daskarewa ta toshe ƙofofin yayyafin. Amma ɗiya ba ta gyara wa ubanta zance gaban baƙo.

Hannun bakanike na rawa, idonsa kuma ya yi rauni, sai ya ce a ba ni aikin wanke bututan. Na jiƙa su cikin kananzir a kwanon sha, na zauna gindin itacen bedi ina kankarewa da tsinken itace, sannan na bi ƙofofin da siririyar waya, ɗaya bayan ɗaya. Kwana biyu na yi. Baƙin yana narkewa cikin kwanon a hankali, yana yin hadari ƙanana da ke taruwa su watse.

Ranar Juma'a Baba ya miƙo mini ludayi. Na karɓa, na tsaya, ban tafi ba.

"Lafiya, 'yar lakwal?" Haka yake kirana, wato 'yar makaranta.

Na durƙusa na buɗe littafin, na karanta masa layin da Faransanci, na mayar da shi Hausa. Sannan na nuna masa kwanon.

Ya daɗe yana duban baƙin ruwan. "Kina nufin ni ke shaƙe ta?"

Na rufe littafin.

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun kaka, Baba."

"Kin iya ɓoyo, kamar uwarki." Ya ɗan yi dariya. "Su ma shanun, ban san abin da zan yi musu ba. Na ce ko wannan in iya."

Ya sa aka zubar da abin da ke tanki aka wanke, bakanike ya mayar da bututan. Ran Litinin ya ce in shiga gidan gaba na motar, tunda ni na buɗe mata hanci. Muka bar Tasawa da buhuna cike, soja ɗaya zaune a kansu. Gonaki suka yi ta wucewa babu ko kara, sai gawo jefi-jefi. Da muka tunkari tudun, Baba ya sauya giya, leɓensa na motsi. Motar ta yi nishi, ta nutse kaɗan, ta ɗago, ta ci gaba da tafiya a hankali har rairayin ya ƙare a ƙarƙashinmu. Sojan ya buga rufin da tafin hannu sau biyu. Can ƙasa na hango mata zaune a layi da ƙorai, suna fara miƙewa.