Ni da Notin Baƙin Mai

Wautata ita ce na ɗauka duk abin da aka ɗaure, ƙara matse shi alheri ne. Da buhun albasa na tashi, shi kuwa in ba ka ja bakinsa da ƙarfi ba sai ka tsince shi a hanya. Da na sayi tsohuwar motata ta ɗaukar kaya, sai na kai wannan ilimi ƙarƙashin inji.

Ni nake yi mata juyen baƙin mai da kaina a ƙofar gidana a Aliero, don kada a ce tsohon nan bai iya komai ba. In na mayar da notin da ke toshe mai, sai in zura sifana cikin dogon bututun ƙarfe, in tokare ƙafa da taya, in ja har jijiyar wuyana ta miƙe. Wata rana na ja, sai na ji ya yi laushi. Haƙoran ramin sun cinye. Maimakon in nemi makanike, na naɗe notin da zaren buhu da leda, na cusa, ban gaya wa kowa ba.

Kwana uku ya riƙe. Rana ta huɗu na ɗauko albasa daga Karaye, ina dab da Maiyama jar fitilar mai ta kama. Na kashe mota nan take. Da na waiwaya, ga baƙin layi a kan kwalta iya ganina. Motar nan ita ce gonata, ita ce rumbuna. In injin ya buga, na gama tuƙi ke nan.

Aka ja ni zuwa Jega Sabon Gari, garejin wani taubashina da ba ya raga mini. Ya leƙa, ya zaro zaren buhun, ya ɗaga shi sama kowa ya gani.

"Tsoho, mi notin ga ya yi maka? Gado kuka raba?"

Ya toshe ramin, ya zuba mai, ya tayar. Muka kasa kunne. Injin ya yi ƙararsa ta kullum, babu ƙwanƙwasa. Sai a lokacin na zauna a kan wata tsohuwar taya ina ta hamdala.

Ya yanka sabbin haƙora, ya ɗaura wani ɗan famfo na tagulla a gurbin notin, mai ɗan hannu da makulli don kada karan dawa ya buɗe shi a hanyar gona. Ya ce sau ɗaya ake ɗaure shi, shi ma ya riga ya ɗaure, in na kusance shi da sifana zai ji labari.

Da lokacin juye ya yi, na sa tiyo, na ɗaga makullin, na tura hannun da yatsa ɗaya. Mai ya bi tiyo ya shiga jarka, bai ƙona ni ba, bai wanke mini gemu ba kamar da. Wani Bafulatani abokina da ya zo karɓar tsohon man don shafa wa itacen rumfarsa saboda gara yana tsugune yana kallo. Ya gyara sandarsa.

"Ashe tatsa ce," in ji shi. "Kai kuma duk shekarun nan dambe kake yi da ita."