Ƙaramar Bindiga da Ɓawon Gyaɗa

A wancan zamani, in ka shiga Gaya ka tambayi matar da zarenta ba ya tsinke wa masaƙi, ƙofata za a nuna maka. Ba yabon kai nake yi ba, haka abin yake. Ban yi karatu ba bayan abin da zan yi salla da shi, amma hannuna ya san auduga, har mata sukan turo 'ya'yansu su koyi kaɗi a gabana. Duk da haka ba zare ne ya fi ɗaga sunana ba, kunyar ɗan fari ce. Namiji ɗaya Allah ya ba ni, shi ne na fari, sauran duk mata. Tun ranar da aka yaye shi gwaggonsa ta ɗauke shi, ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa zama tabarma ɗaya da shi ba, ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba. In zan yi maganarsa sai in ce wancan, har ya yi gemu ya ajiye iyali yana wancan. In ya zo gaisuwa ya durƙusa a bakin ƙofa, bango nake amsa wa. Kowace uwa tana yin tata kunyar, amma tawa ce ake ba da misali da ita a gidan suna, kuma ina jin daɗin hakan, ba zan ɓoye muku ba.

Shekarun nan kuwa hanya ba ta da lafiya. Mahara sukan sauko daga duwatsun kudu su laɓe a kurmi, su tare fatake, su kwashe kaya, su ɗaure mutane su tafi da su. Ubansa ta haka ya tafi. Ya fita da jakunansa zuwa Ajingi, sai jaki ɗaya muka gani ya dawo yana jan igiyarsa a ƙasa. Da wancan ya girma sai ya ɗauki sana'ar uban, ya riƙa lodin gero da gyaɗa da turkuɗi, yana bin wannan hanyar dai da ta cinye mahaifinsa. Duk ranar da ya fita, mazarina juyawa yake yi amma hankalina yana daji. Maza suna rataya kwari da baka, mai hali ya rataya takobi. Bindiga kuwa ta bayin sarki ce, sai wasu maharba da aka san da zamansu. Talaka ya saɓa bindiga a fili, dogarai za su karɓe, su kuma tambaye shi inda ya samo. In ma ya tsallake dogarai, mahara mai bindiga suke fara nema da kibiya. Sai na zauna na yi tunani, na ce ashe abin da yaron nan yake bukata shi ne bindigar da ba za a gani ba, wadda za ta kwanta a aljihun riga har sai ranar da ake nemanta.

Ina da taubashi a Balan, ɗan kawuna, maƙeri ne. Na san fataken arewa da ke biyowa ta Kano sukan bar masa bindigogi ya gyara, wasu kuma ba sa komawa hannun masu su. Na tafi da sunan zan sayi ƙarfen gurzar auduga. Yana hango ni ya ajiye guduma ya ce ga baiwarsa ta zo, me ta kawo wa ubangijinta, ko dai ta zo ne ta hura masa zugazugi? Na ce masa in ya ga na hura zugazugi to gemun nan nasa mai kama da tsintsiyar kwano zan fara babbakewa. Sai da muka gama wannan na rage murya na faɗa masa abin da ya kawo ni. Dariyar ta bar fuskarsa. Ya leƙa waje, ya dawo, ya shiga rumbu ya tono wani ƙunshin fata daga cikin ƙaiƙayi.

Uku ya shimfiɗa mini. Ta farko ta kai tsawon kamu, na ce wannan ai ko makaho zai gane ta a jikin mutum. Ta biyu gajera ce, baƙa, mummuna, bakinta da kauri, da na ɗaga ta sai da wuyan hannuna ya amsa. Ta uku kuwa 'yar ƙarama ce, bai fi ka rufe ta da tafin hannu biyu ba, an yi wa gindinta ado da farin ƙarfe kamar munduwar amarya. Ina ganinta zuciyata ta kwanta. Taubashina ya ce in ɗauki baƙar, ita ce ta ɗan kasuwa, ƙarfenta yana yafe kuskure, ko an zarce mata da albarushi sai dai ta ture mutum ya faɗi zaune. Na ce nauyinta zai ja aljihun riga ƙasa, kowane mai tsaron ƙofa ya gane. Ya ce to a ɗinka mata kube a ɗaura a ƙugu. Na ce mai ɗinka kuben ba shi da baki ne? Ya ce shi dai tun muna yara ya san ba a juya ni. Gaskiyar magana, ban da ɓuya, kyanta ne ya ja ni. Ban taɓa ba wa yaron nan komai hannu da hannu ba, ina so abu na farko ya zama mai kyau.

Da ya ga na kafe, sai ya ɗauki gyaɗa ɗaya daga cikin ƙoƙon da yake ci, ya ɓare, ya miƙo mini rabin ɓawon. Ya ce in buɗe kunnena da kyau. Wannan 'yar ba ta cin abin da doguwar bindiga take ci. Maharba suna ɗura tasu da yatsa uku, yatsa huɗu, ita kuwa cikin wannan ɓawon ne abincinta, a shafe bakinsa, ko ƙwaya kada a ƙara. In aka yi mata ɗurin maharba, ba gaba za ta harba ba. Ya ce in turo masa yaron ya nuna masa da hannunsa. Na ce ayarinsu zai tashi bayan kasuwa, babu lokaci, kuma zirga-zirga zuwa maƙera za ta jawo ido. Ya ce to in faɗa masa da bakina. Sai ya tsaya ya dube ni, ya ce af, ya manta, ashe da sarauniyar kunya yake magana, wadda take gaisawa da bango. Ya ce don Allah, 'yar gwaggo, wannan karon ki ajiye sarautar. Na ce ya bar ni da ɗana, na san yadda zan yi. Na kwance murjanin da uwata ta bar mini na ba shi, na ɗaure bindigar a cikin audugata na dawo gida.

A hanya ne na fara ganin ramin da na haƙa. Duk saƙona zuwa ga wancan ta bakin wani yake bi. Matarsa tana Gafasa wajen iyayenta, ta tafi haihuwa. Ƙanwata, wadda ta saba kai masa magana, in ka gaya mata abu da hantsi kafin azahar an ji shi a bakin rijiya. Gwaggonsa ta rasu. Abin da aka saya don a ɓoye, wa zan ɗora wa sirrinsa? Saura ni da shi, ido da ido, ni kuwa tun da na haife shi ban yi haka ba. Sai dabara ta zo mini, har na yaba wa kaina. Ya saba ajiye gafakarsa a bakin ɗakina in zuba masa guzuri. Na sa gumba da dakuwa, na sa bindigar da ƙahon albarushi da 'yan harsasai a ƙasa. Ɓawon gyaɗar kuma na naɗe shi a ƙyalle mai tsabta, na ɗaure da zaren da na kaɗa da hannuna, na rataya a wuyan ƙahon. Na ce yaro ne mai hankali, ya yi yawo da maharba, yana ganin ma'auni a jikin ƙaho zai gane.

Da dare ya ɗauki gafakarsa, da safe ya zo sallama. Mata sun cika tsakar gidana, kowa da mazarinta. Ya durƙusa inda ya saba, na lura ƙirjin rigarsa bai nuna komai ba, na ji daɗin zaɓina. Ya dubi maƙwabciyata ya ce a gaya wa Iya ya ga guzuri, ya gode, Allah ya saka. Bai tashi ba. Ya sake cewa a tambayi Iya ko akwai wani abin da za a ƙara masa a kan guzurin. Wallahi na ji tambayar har cikin ƙashina. Ba abin da zai hana in miƙe in ce ya biyo ni ɗaki. Numfashi nawa ne maganar? Amma idanun matan nan suna kaina, suna jiran su ga yadda gwana take yi. Ban ɗaga kai daga zarena ba, na ce wa maƙwabciyata a gaya wa wancan rana tana yi, abokan tafiya suna jira. Matan suka yi shewa, ɗaya ta ce kai, wannan baiwar Allah ko dutse sai haka. Shi ma ya yi murmushi, ya ce to, a sa shi a addu'a. Ya tashi ya fita.

Washegari da la'asar wani abokin tafiyarsa ya shigo gidana ba sallama, ƙafafunsa duk ƙura. Ya ce babu mahara, babu kowa. Sun sauka hutawa ne a gindin wata tsamiya kafin Gafasa, sai wancan ya ja abokin gefe ya ce zai nuna masa wani abu, yana ta fara'a kamar yaron da aka yi wa sabuwar riga. Ya ce bari ya gwada ta a kututture, kada ranar bukata ta ba shi kunya. Ya ɗura mata yadda ya ga maharba suna yi. Abokin ya ce ƙarar da ya ji ba ta bindiga ba ce, kamar tukunya ce ta fashe a wuta. Hannun dama ya tafi, wani ɓallin ƙarfe kuma ya shige ƙarƙashin wuyansa. Sun ɗora shi a jaki sun kai shi Ajingi gidan mai masaukinsu.

Ban san yadda na isa Ajingi ba, na dai san ban ɗauki mayafi na biyu ba. Na same shi kwance a zaure, wanzami ya yi iyakar yinsa. Mai masaukin ya faɗa mini cewa duk wanda ya tambayi inda ya samo bindiga, sai yaron ya ce a hannun wani baƙo ya saya, shi kaɗai, ba da sanin kowa ba. Ko a wannan hali ni yake rufa wa asiri. Da ya ji an ce ga Iya, ya yi ƙoƙarin tashi ya durƙusa, aka danne shi. Ya dubi mai masauki ya ce a ba Iya haƙuri, ya ɓata guzurin tun ba a je ko'ina ba. Sannan ya ce a gaya mata layar kam tana nan, bai yar ba.

Na ce wace laya? Aka ɗaga hannun rigarsa na hagu. Ga ƙyallena nan ɗaure a damtsensa, da zarena, ƙullin da na yi ko kwance shi bai yi ba. Ya ga abu a naɗe daga hannun uwarsa, wadda ba ta taɓa ba shi komai ba ban da guzuri, ya ɗauka maganin tsari ne, kuma kowa ya san ba a buɗe laya. Ma'aunin da zai tsare ransa yana ɗaure a jikinsa lokacin da yake zuba albarushin.

Nan na matsa kusa da shi. Na zauna a kan tabarmarsa, a gaban maza, na kama hannun da ya rage, na kira sunansa. Ya juya kai wajen ƙofa yana neman mai kiran. Bai san sunan a muryata ba. Sai da na sake kira ya juyo, ya dube ni, ni ma na dube shi, ranar na san idon ubansa ne da shi. Ya ce na'am, Iya. Bai ƙara wata magana mai tsawo ba, kafin a kira sallar azahar ta washegari ya cika.

A zaman makoki mata suna ta yaba mini, wai ko hawaye ba a gani ba, wai na riƙe kunya har kabari. Taubashina ya zo daga Balan ya yi gaisuwa, ya ajiye murjanin uwata a gabana ya tashi. Har ya mutu bai ƙara ce mini baiwarsa ba, bai ƙara yi mini wasa ba. Matar wancan ta haifi namiji, aka mayar masa da sunan uban, ni ce kuma na goya shi. Sunan da na hana bakina shekara da shekaru, yanzu shi nake kira daga safe har yamma, har yaron yakan ce kaka ta cika kira.

Ban ce kunya mugun abu ba ce, da ita aka haife mu, da ita za a binne ni. Amma na gane tawa ta daɗe da tashi daga kunya ta koma neman shewar mata. Ku maza masu neman ƙaramin makami ku ɓoye a riga, kada kyansa ko ƙanƙantarsa su zaɓa muku, ku ji maganar wanda ya san ƙarfen, kuma kada ku karɓa sai an nuna muku da hannu yadda ake ciyar da shi. Wanda zai ba wani, ya ba shi da bayaninsa, baki da baki, in ba zai iya ba ya bar abin inda ya gan shi. Ku kuma iyaye mata, in ɗanku ya durƙusa ya tambaya ko akwai abin da za a ƙara masa, ku ajiye mazari ku tashi, ko garin duka yana kallo. Ƙyallen yana nan a cikin adudun kayana. Har yau ban kwance ƙullin ba, tun da shi ma bai kwance ba.