Ma'aunin Zafi a Gindin Randa

Ƙarfe sha ɗaya da kwata na safiyar wata Talata abubuwa suka fara rikice mini, kuma ba na jin akwai ranar da wannan lamari zai fita daga raina. Na san lokacin ne domin idona na kan agogon bangon aji sa'ad da malamarmu ta kimiyya ta faɗi maganar. Ni dama haka nake, in na kasa kallon mutum sai in kalli agogo.

Muna aji biyar na sakandare a Tambuwal a lokacin. Aka aiko cewa za a yi gasar kimiyya ta makarantu a Sakkwato, kowace makaranta ta kai aiki ɗaya, ɗaliba ɗaya ta tsaya ta yi bayaninsa. Ni na kawo shawarar abin da za mu yi. Na karanta a wani littafi na laburare cewa gini ma yana shan mai kamar mota. Ɗakin da ke tara zafi sai an kunna masa fanka, fanka kuwa in an ɗauke wuta sai da janareto, janareto sai da fetur, shi kuma hayaƙin fetur sama yake tafiya ya ƙara ɗumama duniya. Na ce me zai hana mu auna zafin ɗakunan da muke kwana a ciki, mu ga wanne ya fi sa a ƙona mai, da yadda za a rage. Da yake bakina ba zai iya faɗa a gaban aji ba, rubutawa na yi na ajiye wa Malama a tebur.

Ranar Talatar nan ta shigo da fara'a ta ce shawarata ta yi. Ta ce mu biyu za mu yi aikin a Kebbe lokacin hutu, ni da 'yar baffana da muke aji ɗaya, tunda gidan kakanninmu na can yana da kowane irin ɗaki. Sai ta dube ni ta ce, "Ke ki riƙe awo." Ta juya ga 'yar'uwata, "Ke kuma ke za ki tsaya a Sakkwato."

Aji ya ɗauki tafi. Ni ma na tafa, tafin da ko ni ban ji ƙararsa ba.

Ita wannan 'yar baffan tawa a Kebbe aka haife ta, karatu ya kawo ta gidanmu. Na girme ta da 'yan watanni, shi ya sa take ce mini Adda, amma duk wanda ya gan mu ita zai ɗauka babba. In ta shiga wuri, wurin ya zama nata. Mai sayar da ƙosai ta san ta, mai gadin makaranta ya san ta, har mahaifina da ba ya yawan magana sai ka ji yana dariya in tana ba shi labari. Ni kuwa shekara biyu muka yi da wata malama tana kirana da sunan wata. Duk wannan na saba da shi. Amma Sakkwato daban ce. Ban taɓa wuce Dogon Daji ba, ina son in ga jami'ar da nake ta mafarki, kuma aikin nawa ne, daga kaina ya fito. Mazauni ɗaya ne a motar makaranta bayan na Malama, ni nake son sa.

Muka isa Kebbe a tsakiyar bazara, ƙugu na ciwo saboda gargadar hanya. Malama ta ba mu ma'aunin zafi guda uku, irin na gilashi mai jan layi da aka manna a jikin katako. Na rataye ɗaya a falon Baffa, ginin bulo mai rufin kwano da ya yi alfahari da shi ya saka fanka biyu. Na biyu na kai ɗakin Goggo, shi ma bulo da kwano, sai dai an jibge harawar dabbobi a saman rufinsa. Na ukun kuwa na rataye a soron Kaka, tsohon ginin ƙasa mai azara wanda ya girmi iyayenmu. Kullum bayan sallar azahar nakan zagaya in karanta in rubuta, in fara da falon Baffa in ƙare da soron Kaka. Na kuma sami wata jarka na yi mata alamomi don mu san yawan fetur ɗin da janareton Baffa ke sha, domin Malama ta koya mana yadda ake lissafa hayaƙin daga yawan man.

Ita kuma 'yar'uwata me take yi? Hira. Tana gindin turmi, tana wajen tatsar nono, tana zaure. Amma in baƙo ya shigo sai ka ji Baffa yana cewa, "Ɗiyata ce anka zaɓa, ita za ta tahi Sakkwato ta yi bayani gaban manya." Ina tsaye da biro a hannu, gumi na bin wuyana, ba wanda ya ce wannan kuma fa? Wata maƙwabciya ma tambayata ta yi ko rakiya na yi. Na ce e. Me zan ce?

Abin da ya fi ci mini rai shi ne hirar tata tana aiki. Na yi ta kewaye Baffa ina son in roƙe shi ya riƙa zuba mai da jarkata, na kasa. Ita ko ta same shi yana alwala ta ce, "Baba, wai mai nawa wanga dodon naka ka sha? Ko kunyar hwaɗi kaka ji?" Ya yi dariya ya ce ta ɗauki jarkar ta riƙa zubawa da kanta. Shi ke nan, an gama. Na koma ɗaki ina jin kamar an ƙwace mini wani abu, alhali aikina aka sauƙaƙa.

Awo ya yi ta taruwa, yana kuma faranta mini. Falon Baffa ya fi ko'ina zafi. Ɗakin Goggo bai kai shi ba, harawar nan tana tare rana. Soron Kaka kuwa sanyinsa a takarda har ya wuce hankali. Na yi murna da farko, na ce ga abin da zai girgiza alƙalai. Amma ni mutum ce mai sake duba abu, kuma jikina bai yarda da abin da ma'aunin ke faɗa ba. Ɗakin da sanyi, gaskiya ne, sai dai ba irin wannan ba. Wata rana bayan na karanta, Kaka ta tsayar da ni in zura mata zare a allura. Da na gama na sake kallon bango, sai na ga jan layin ya hau sama sosai, alhali ba abin da ya canja a ɗakin. Na sauke ma'aunin na juya bayansa. Rairayi ne mai danshi a manne da katakon.

Na san akwai magana, amma kwana biyu na yi na kasa tambaya. Tsakanin jika da kaka wasa ne, kowa ya sani, ni ce dai ban iya shi ba. In Kaka ta tsokane ni da "Malama Shiru, yau ma ba a sayar muna da magana?" sai in yi murmushi in sunkuyar da kai. Ga hutu yana ƙarewa. Da na ga ba mafita, na haɗiye girman kaina na nuna wa 'yar'uwata rairayin.

Ko tunani ba ta tsaya yi ba. Ta ja hannuna har soron, ta yi sallama da ƙarfi ta ce, "Ke tsohuwa, mi kika yi da kayan gwamnati in mun ba da baya?"

Kaka ta ce, "Ji 'yar banza mai bakin aku. Mi nika yi kuwa in ba tsaron amana ba?"

Ashe tun ranar farko, da na fita take sauke ma'aunin ta kwantar da shi a kan jiƙaƙƙen rairayin da ke gindin randarta. In ta ji sallamata a sashen Goggo sai ta yi maza ta mayar bisa ƙusa. Ta ce ita ba a kawo mata ajiya ta bar ta a wulaƙance. Abin gilashi ne, na makaranta ne, ta ji an ce zafi na fasa gilashi, to a ɗakinta za a ce kayan mutane ya lalace? Wurin da take ajiye man shanu da goro nan ta ga ya dace da shi.

'Yar'uwata ta faɗi ƙasa tana dariya. Ni hawaye ne suka cika mini ido, domin duk awon soron ya tashi a banza. Na daure na fara yi wa Kaka bayani, cewa iskar ɗakin muke aunawa, cewa ruwan da ke tsattsafowa daga randa yana sanyaya abin da ke kusa, cewa in awo ɗaya ya ɓaci kwatancen duka ya ɓaci. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "To ɗiyata, in ya hwashe ke za ki biya ko ni?"

'Yar'uwata ta share hawayen dariya ta ce, "Kaka, kin san abin da kinka yi? Baba cewa yake a rushe wanga soro a yi miki na kwano. Wannan abin shi ne shaidarki. In kin bar shi bisa bango zai gaya wa mutanen Sakkwato ɗakinki ya hi nashi. In kin sa shi gindin randa, cewa za a yi tsohuwa ta ba shaida cin hanci."

Kaka ta kalli ma'aunin. Ta ce, "Ɗakin kwanon nan da ka gasa mutum awa gurasa? Ku bar shi nan. Wanda ya taɓa shi ni da shi ne."

Muka sake awo a 'yan kwanakin da suka rage. Soron ya fi sauran sanyi da rana, ko da yake tazarar ba ta kai ta farko ba. Kafin mu taho, 'yar'uwata ta lallashi Baffa ya sa aka shimfiɗa zana da karan dawa a kan rufin falonsa, ni kuma na auna na ga zafin ya ragu, jarkar fetur ta fara jimawa ba ta ƙare ba. A hanyar komawa Tambuwal ina bayanta a mota ina kallon ƙeyarta, ina cewa a raina ni na ga rairayin, ni na ga layin ya hau, amma har wannan ma labarinta zai zama.

Haka kuwa aka yi. Ranar da muka koma makaranta ta ba da labarin randa a aji, tana kwaikwayon muryar Kaka, 'yan aji na riƙe ciki. Don Allah ba ta ɓoye ba, sau biyu ta ce, "Adda ce ta gano, ni ko a mafarki ba zan lura ba." Amma wa ya ji? Dariya ta rufe wannan. Da ma ta zalunce ni ne da na sami abin riƙewa. Ba ta zalunce ni ba, kuma wannan ya fi ciwo.

Yau ina jami'ar da na yi mafarki, ina karatun gine-gine, har yanzu zafin ɗakuna nake aunawa. In na waiwaya sai in ga duk hutun nan ina kallon abin da Allah ya ba 'yar'uwata kamar daga rabona aka ɗebo shi. Kishi bai bar ni na lura cewa abin da take yi aiki ne ba, kuma ana koyonsa kamar yadda ake koyon awo. Ban gane haka da kaina ba, sai da aka gaya mini.

A waccan shekarar, ana gobe tafiya gasar Sakkwato, na tara duk ƙarfin halin da nake da shi na sami Malama ita kaɗai a ofis. Na gaishe ta, na tsaya ina murza bakin hijabina. Da ta ga ba ni da niyyar tafiya ta ajiye biro ta ce in faɗi abin da ke tafe da ni. Na ce, "Malama, aikin nawa ne. Me ya sa ba ni za a tafi da ita ba?"

Ta dube ni, ba da faɗa ba. Sannan ta ce, "Naki ne, kuma sunanki ne a sama, ba wanda zai cire shi. Amma ke kika gano kuskuren, kika kwana biyu ba ki iya tambayar kakar da ta goya ubanki ba. Gobe mutanen da ba ki taɓa gani ba ne za su yi ta jefo tambaya. Awo shi kaɗai bai taɓa sa kowa ya kashe janareto ba, sai an sami mai gaya wa mutum ya yarda. Baɗi akwai wata gasar, ban kuma ba kowa mazaunin ba. Je ki fara da tsohuwar. Ranar da ta tsokane ki kika rama, ki zo ki same ni."