Ba Ta Wuta, Ranka Ya Daɗe

Har na ajiye filaya da abin gwada wuta, ban taɓa mantawa da ranar da wani Mataimakin Darakta ya zo garejina a Liman Abaji ya koya mini sana'ata ba. Wata Alhamis ce da damina, a shekarun da tsadar haya a Abuja ta koro manyan ma'aikata zuwa Keffi, suna kwana a nan suna yi mana yanga da lambar motar can. Lokacin na haura shekara ashirin ina wayarin mota, har ake ce mini Rewaya.

Alhaji Sabo sunansa. Ya zo da farar a-kori-kura ta ofis, direbansa Bulus yana tuƙi. Bulus mutumin Eggon ne mai 'ya'ya biyar, ɗan ƙaramin ma'aikaci a mataki na huɗu. Ga waɗanda ba su yi aikin gwamnati ba, a ofishinsu idan aka ba mutum takardar tuhuma sau uku, sai ya tattara komatsansa. Bulus ya karɓi biyu, duk a kan lotsa bambar baya. Ta ukun tana cikin jakar Alhaji, sa hannu kawai take jira.

"Ƙarin fitilun ribas nake so a cikin bamba," in ji Alhaji. "Direbana ya ce ba ya gani ta baya. To, zan sa masa rana guda biyu. In ya sake gogar ko da ciyawa ce, shi ke nan."

Aikin ba wuya. Ana kwance bamba, a auna, a huda ramuka biyu, a dasa fitilun. Sai a jawo waya daga batir ta bi ta fiyus, a haɗa da rile, wato ɗan akwatin da ke buɗe hanyar wuta da zarar an sa giyar ribas. Alhaji ya ja kujera ya zauna a kaina yana ba ni umarni. Ya ce ya so ya karanci injiniya, Allah ne bai yi ba. Na ce lallai ƙasa ta yi asara.

Da na kwantar da bambar, sai na ga koren fenti a kowane lotsi, kuma duk a tsayi ɗaya. Na kalli Bulus. Ya tsuguna kamar zai miƙo mini sifana, ya yi ƙasa da murya.

"Oga Rewaya, koren ginshiƙin get ɗin Alhaji ne a Gangaren Tudu. Ran Juma'a ni ina ajiye key, ina tafi gida. Monday na zo, mota ta ji ciwo. Wa zan gaya? Ni small man ne."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Amma ba a kallon Mataimakin Darakta a ce masa shi ne bai iya ribas ba. Sai na ce, "Ranka ya daɗe, wannan motar kam tana da son kore."

"Yi aikinka," in ji shi.

Wajen la'asar na gama. Saura gwaji, kuma ƙa'idarsa kowa ya sani: mutum ɗaya ya shiga ya sa ribas, ya murɗa makulli sau ɗaya ba tare da ya tayar da inji ba, ni kuma in tsaya a baya in ga ko fitilun sun kama. Bulus ya nufi ƙofa, Alhaji ya fizge makullin.

"Matsa can. Yau ka ga yadda ake yi."

Na koma baya na ɗaga murya, kamar yadda na saba faɗa wa kowa shekara da shekaru: "Sa ribas, ka ba ta wuta!"

A bakin mai wayarin, ba ta wuta na nufin murɗa makulli lantarki ya zagaya. A bakin Alhaji kuwa ma'anarta ɗaya ce, ta 'yan tasha. Sai na ji inji ya yi gurnani. Allah ya sa ƙafafuna ba su tsufa ba tukuna, na yi tsalle na dira cikin kwata. Fitilun dai sun kama, wannan na shaida da idona, domin suna ci tar motar ta wuce ni ta rungumi bishiyar darbejiyar bakin gareji. Ta dama ta tarwatse. Ta hagu ta ci gaba da haska bishiyar, ko Alhaji zai so ya ƙara dubawa.

Makanikai da masu walda da mai sayar da rake duk suka taru. Alhaji ya fito yana gyara hula.

"Kai ka ce in ba ta wuta!"

"Ni na ce, ranka ya daɗe," na amsa ina matse wandona. "Laifin bakina ne. Sai dai a rubuta mini takardar tuhuma, tunda Bulus yana tsaye a nan."

Mai rake ne ya fara tuntsirewa, sauran suka bi. Alhaji ya daɗe yana kallon sabon lotsin, wanda ya zauna daf da 'yan'uwansa masu kore. Can ya miƙa makullin ba tare da ya ɗaga kai ba.

"Bulus, zo ka fitar da ita."

Takarda ta uku ba ta taɓa fitowa daga jakar nan ba. Bulus ya yi ritaya da fanshonsa, kuma har yau in mun haɗu a kasuwa daga nesa yake ƙwala mini, "Oga Rewaya, ba ta wuta!"

Abin da na koya, ku da kuke tasowa, shi ne kada ku tsaya daidai bayan mota lokacin gwaji, kuma ku san wanda kuke wa maganar gareji. Na kuma gane cewa yawancin masu zuwa neman ƙarin fitila, ba hasken ne ya yi musu kaɗan ba. Wasu sun tambaye ni ko da gangan na faɗi kalmar nan. Ni dai na ce musu wandona ne shaida.