Malamar da Ta Koya wa Auta Cewa Ya Ɓata

Kafin mai shara ya gama da baranda malamar ta riga ta buɗe ajinta, na ƙarshen gini kusa da famfo. Takan ja kujeru ta yi da'ira, ta sauke agogon bango saboda akwai yarinyar da ƙararsa ke tayar wa hankali, sannan ta zauna jiran 'yan sakandaren da ake cewa ba sa ɗaukar karatu. Haka ta yi har furfura ta cika mata kai. Zangon nan za ta yi ritaya.

Duk farkon shekara ita ke tsara wa kowane ɗalibi abin da ake so ya iya kafin shekarar ta ƙare. A wasu wuraren manya ne ke yankewa, yaro na tsaye a waje. Ita sai ta zaunar da shi a tsakiya ta tambaye shi, kuma ba ta yarda wani ya amsa masa.

Wata shekara wani makaniki ya shigo da autansa, saurayi har da gashin baki, amma magana sai da ƙyar. Cire shi daga makarantar ya zo yi.

"Malama, na gaji. Gara ya zauna kusa da uwarsa."

"Baban Auta, bari mu ji ta bakinsa. Auta, me kake so ka iya bana?"

Auta ya fara lalubar kalma. Uban ya buɗe baki, ta ɗaga masa hannu.

"Gidan Yaya," in ji Auta. "Ni kaɗai."

Yayar da ta goya shi ce ta yi aure a wata unguwa mai nisa, sai an shiga bas.

Uban ya yi dariya. "Shiga bas ne karatun? Ai da wurin kwandasta na kai shi."

"Ba ni shekarar nan. In bai je ba ka cire shi, ni zan raka ku ƙofa."

Daga wannan buri ɗaya ta tatso komai, karanta lambar bas, gane sunan unguwa, tsallaka titi. Wanda ya fi ba ta wuya shi ne koya wa Auta ya tsayar da baƙo ya ce, "Na ɓata." Mai gadi ya ce sai da shi da shugaban makaranta suka gaji da zama baƙin da Auta ke gwaji a kansu.

Ranar tafiyar Auta ya wuce inda zai sauka. Uban ya rufe gareji, yana zaune a tsakar gidan 'yarsa, ko ruwa ya kasa sha. Rana ta fara sanyi sai ga Auta da wata mai sayar da kayan miya.

"Naku ne? Ya ce min ya ɓata, ya faɗi layin."

"Da bakinsa?" in ji uban.

"Har cewa ya yi in ɗaga ƙafa."

Ba a cire Auta ba. Yanzu yayar ce ke ƙorafi, wai ya hana tukunyarta hutawa.

Malama, ke ce mai haƙurin da ba ya amo. Ba a taɓa kiranki gaban taro ba, ban kuma taɓa jin kin nema ba. Mu da muka gama makarantar nan muna wuce ajinki a guje, mun gani. Mun gode. Allah ya ba ki hutu mai daɗi.

Ku malaman da kuka rage, akwai wani Auta a makarantarku, kuma ubansa ya fara gajiya. Ku riga shi.