Tururuwa a Ludayi

A gidanmu na Toranke 'ya'ya maza ba sa zama. Inna ta haifi maza, duk sun koma kafin yaye, mu mata kuwa muka tashi garau. Tsofaffi suka tatsi nononta a ludayi, suka jefa tururuwa, ta mutu. Shi ke nan, aka yanke cewa nononta mugu ne. Da wannan ta tsufa.

Da na haifi namiji a Ajingi, ya zo ɓul-ɓul. Sai da ya fara zama ciwo ya sako shi gaba: yau kunne na ruwa, gobe ƙirji, jibi gudawa. Surukata ta iso da ludayinta.

Na ce, "Iya, ko a kunu kika jefa tururuwa ai nutsewa za ta yi."

Ta ce, "Bakinki ya fi nononki kyau. A cire shi, a ba shi na saniya."

Raina ya ɓaci. Na saɓa ɗana, na shiga motar Kano, mahaifinsa ya biyo ni da takalmi a hannu.

Bayan gwaje-gwajen jini, wata likita ta tambaye ni ko 'yan'uwana maza na raye. Na ce babu ko ɗaya. Sai ta yi mini bayani dalla-dalla. Jikin kowa yana ƙera garkuwar da ke kama ƙwayoyin cuta, amma jikin ɗana ba ya ƙera tasa. Gado ne da ke bin ɓangaren uwa: mace tana ɗauke da shi lafiya lau saboda tana da madadi daga ubanta, namiji kuwa ba shi da madadin. Ƙoshin lafiyarsa na farko guzuri ne da ya fito da shi daga cikina, da ya ƙare ciwo ya samu ƙofa.

Na ce, "To nonon fa, Likita?"

Ta ce, "Shi ma garkuwa ne. Kada ki kuskura ki cire shi."

Aka fara ƙara masa garkuwar ta jijiya wata-wata, har yau. Na dawo Ajingi na zauna a tsakar gida ina shayar da shi, na ƙi ko juya baya. Daɗin da na ji ba ya faɗuwa. Yanzu yana makaranta, kuma in ana cirar gyaɗa shi ne a gaba, surukata na bin sa da kirari.

Inna na je na samu musamman. Na maimaita mata maganar likita tun daga farko. Ta ɗora hannunta a kan ƙirji.

Ta ce, "Ashe ba guba na ba su ba."

Na ce, "Inna, nononki ne ya riƙe su har inda suka kai."